CIWON HAƘORI: TAMBAYOYIN JAMA'A DA AMSOSHINSU

Ya kai mai gida, da ke uwar gida, wannan ɗan littafi naku ne. Wanda ya iya karatu a cikin gidan ya karanta shi da ƙarfi bayan an ci tuwon dare, domin kowa ya ji, har da kakanni, gama sau da yawa su ne masu jiyyar jikoki. A cikinsa an tattara tambayoyin da mutanen karkara su kan yi wa likitan haƙori da malaman asibiti, tare da amsoshinsu.

Kada ku raina ciwon haƙori. Manomin da turminsa ke zogi ba ya iya sunkuyawa a kan kunya, yaron da kumatunsa ya kumbura ba ya zuwa makaranta, tsohuwar da haƙoranta su ka zube kuwa sai ta bar nama da gyaɗa ta koma ga kunu, jikinta ya yi ta raguwa. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa mutum wajen biliyan 3 da rabi ne ke fama da cutar baki ko ta haƙori, watau kusan rabin mutanen duniya ke nan. Galibin waɗannan cututtuka kuwa ana iya tare su tun daga gida.

SHIN DA GASKE TSUTSA CE KE CIN HAƘORI?

A'a, babu wata tsutsa. Wannan zance ya daɗe a duniya, tun zamanin mutanen Babila a ke yinsa, har Turawa ma sun daɗe suna gaskata shi. Ga yadda abin ya ke.

Ka sa farce ka kankari gindin haƙorinka da safe, kusa da dasashi. Za ka ga wani farin datti mai danƙo. A cikin dattin nan akwai ƙwayoyin cuta masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek shi ya fara ganinsu a shekarar 1683, a cikin dattin da ya kankaro daga haƙoransa. A 1890 kuma wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Miller, wanda ya ke aiki a birnin Balin na Jamus, ya bayyana irin ɓarnar da su ke yi. Abincinsu sukari ne. In ka sha abu mai zaƙi su ma sun samu, sa'an nan su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da haƙori kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwan indararo ke zaizaye gindin katanga.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi kome tauri a jikin mutum, har ya fi ƙashi. Ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan taushi. Can ciki kuma akwai kogo inda jijiya da hanyoyin jini su ke. Muddin ramin yana kan ɓawon waje ba ka jin kome. In ya kai hawa na biyu sai ka fara jin tsam in ka sha ruwan randa ko shayi mai zafi. In ya kai ga jijiya, to, ranar ba barci.

Saura mutumin nan na kasuwa wanda ke turara wa mutane hayaƙi a baki, ya nuna musu fararen tsutsotsi a cikin ƙwarya. Akwai 'ya'yan itatuwa waɗanda in sun ji wuta su kan fashe su fitar da ɗan farin zare mai kama da tsutsa. Shi ne ka gani. Ka biya kuɗinka, ka koma gida da raminka.

ASHE SAI MU DAINA SHAN ZAƘI?

Ba a ce ka daina ɗungum ba. Abin da ya fi ɓarna shi ne yawan maimaitawa. Miyau yana da aiki babba, yana wanke tsamin nan, yana kuma gyara ɓawon haƙori in an ba shi lokaci. Yaron da ya sha rake sau ɗaya bayan abinci ya fi lafiya bisa wanda ya wuni da alewa ko minti a baki, domin na biyun bai ba miyau sarari ba ko kaɗan. Haka nan mai shan shayi mai sukari kofi bayan kofi tun safe har dare. Da dare kuma miyau ya kan ragu, saboda haka zaƙin da a ka kwana da shi a baki ya fi kowane muni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi kyau. A cikin lissafin nan har da zuma, da sukarin da ke cikin biskit da lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta lemo ta kan ɗauki fiye da rabin 12 ɗin nan. Kakanninmu da su ka tashi da tuwo da fura da gyaɗa ba su san ramin haƙori kamar jikokinsu ba, ko da ya ke ciwon dasashi bai bar su ba.

ASUWAKI YA ISA, KO SAI NA SAYI BUROSHI?

Asuwaki abu ne mai kyau, addini ya kwaɗaitar da shi, likita ma ba ya hana shi. Na darbejiya, da na marke, da wanda alhazai ke kawowa, duk suna fitar da datti in an iya aiki da su. Laifin a wajen masu yi ya ke. Da yawa su kan wuni da asuwaki a baki suna tauna, suna goge haƙoran gaba da mutane ke gani, ba su taɓa kai shi ga turame ba, balle bayan haƙora ta wajen harshe. Can kuwa cutar ta ke. Ka tauna bakinsa har ya yi laushi, ka bi haƙora ɗaya ɗaya, ciki da waje da kan matauni, ka riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori. Ka yanke tsohon bakin kullum. Kada mutum biyu su haɗa asuwaki ɗaya.

Abin da buroshi ya fi shi da shi man goge baki ne, wanda a ka fi sani da makilin. A cikin man akwai wani sinadari mai suna fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya hana tsami cinsa. In za ka saya ka sa a duba maka ko an rubuta sunansa a jikin kwalin. Ka goge sau 2 a yini, da safe da kuma lokacin kwanciya, kamar minti 2 kowane karo. In ka gama ka tofar da kumfan, amma kada ka kurkure da ruwa, bar sauran ya yi aikinsa. Wanda ba shi da kuɗin buroshi ya shafa man a kan asuwakinsa. Buroshi mai laushi za ka zaɓa, ka sake shi bayan wata 3, ko da zarar bakinsa ya baje.

Gawayi da toka da yashi da garin kasko suna sa haƙori fari na 'yan kwanaki, amma kankare ɓawon su ke yi, shi kuwa in ya tafi ba ya tsirowa.

IN NA GOGE BAKI SAI JINI YA FITO. IN DAINA?

Kada ka daina. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Dattin nan ne ya kwanta a gindin haƙori har dasashi ya kumbura. Ka ci gaba da gogewa a hankali, ka fi mai da hankali ga wurin da ke jinin, cikin mako 1 ko 2 za ka ga ya ragu. In an bar dattin ya daɗe sai ya daskare ya zama kamar dutse, asuwaki ba ya fitar da shi, buroshi ma haka, sai a asibiti da ƙarfen aikin. In kuwa an ƙyale shi, cutar ta kan gangara ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, baki ya yi wari, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube ba tare da rami ko ɗaya ba. Yawancin giɓin dattawa daga nan ya ke. Tsufa kaɗai ba ya zubar da haƙori.

Wasu su kan ce wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su yi sako-sako. Abin da ya faru shi ne cutar ta riga ta ci ƙashin, dutsen ne ya cike gurbin, da a ka ɗauke shi sai ɓarnar ta fito fili. Mai ciwon suga da mai shan taba su suka fi kowa shiga wannan hatsari.

HAƘORI YA TASHE NI DA TSAKAR DARE, ASIBITI KUWA DA NISA. ME ZAN YI?

Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi ka kurkure, ka sakace abincin da ya maƙale a ramin. Babban mutum ya sha farasitamol ƙwaya 2, yana iya maimaitawa bayan awa 6, amma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Na yaro gwargwadon shekarunsa ne, a tambayi malamin asibiti. Kanumfari yana ɗan kashe zafi in an ɗora shi a kan haƙorin, likitoci ma suna aiki da mansa. Ka tada kanka da matashi in za ka kwanta.

Ga abin da ba za ka sa ba ko zafin ya kai ina: ruwan batir, da fetur, da kananzir, da garin taba, da kanwa. Kada kuma ka danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Duk waɗannan ƙona nama su ke yi, likita ya zo ya tarar da ciwo biyu maimakon ɗaya. Asfirin ba na yaran da ba su kai shekara 16 ba ne ko ta wace hanya.

Sa'an nan ka lura da wannan da kyau. Wani lokaci haƙori ya kan yi kwana da kwanaki yana zogi, sai rana ɗaya ya yi shiru. Ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna nan suna tara mugunya a ƙarƙashin saiwa, wata rana sai fuska ta haye. Kafso da a ke saya a kemis ko a tiren mai talla ya kan kwantar da kumburin na ɗan lokaci, amma ba ya shiga cikin mataccen haƙori, don haka ciwon ya kan dawo. Yawan shansa barkatai kuma yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

In kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau ya rufe ido, ko mutum ya kasa buɗe baki, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya biyo baya, to, a nemi mota ko babur a tafi babban asibiti a wannan sa'a, ko da dare ne. Kada a jira ranar kasuwa, kada a tsaya shafe-shafe ko tsaga. Irin wannan kumburi yana toshe maƙogwaro, yana kisa.

KOWANE HAƘORI MAI CIWO SAI AN CIRE SHI?

A'a. Ya danganta da lokacin da ka zo. In ramin ƙarami ne likita zai share ruɓaɓɓen wurin ya cike shi da wani abu mai tauri, ka tashi ka ci abinci da shi shekara da shekaru. In ya kai ga jijiya, har yanzu akwai dabara: a kan cire jijiyar, a wanke kogon, a toshe shi, haƙorin ya zauna a wurinsa. Wannan aiki ya fi tsada, ya kan ci zuwa biyu ko uku, ba kuma kowane asibiti ke yinsa ba. In haƙorin ya ruɓe ya rage kututture, ko yana girgiɗi ƙwarai, sai cirewa. Sau da yawa likita ya kan ɗauki hoton haƙorin tukuna domin ya ga saiwar. Hoton ba ya ciwo.

Kada ka matsa wa likita ya cire abin da ya ce zai gyaru. Giɓi ba ya zama shi kaɗai: maƙwabtan su kan karkato cikinsa, na sama ya zazzago, tauna ta lalace.

AN CE CIRE HAƘORIN SAMA YANA MAKANTAR DA MUTUM

Ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Kullum a na cire haƙoran sama a asibitoci, masu su kuma suna komawa gida da idanunsu. Abin da ke iya taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da a ka bari har mugunya ta hau sama.

Game da zafi kuwa, a kan yi allurar kashe zafi a dasashi. Za ka ji tsinin allura, bayan 'yan mintoci leɓe da kunci su yi nauyi. Lokacin cirewa za ka ji ana dannawa ana girgizawa, amma ba zafi. In ka ji zafi ka ɗaga hannu a ƙara maka. Nauyin ya kan sake bayan awa 2 ko 3. Ka ci abinci kafin ka zo, mai yunwa shi ya kan yi jiri a kan kujera.

Tun kafin a taɓa ka, ka gaya wa likita in kana da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko sikila, ko kana shan maganin tsinka jini, ko jininka ba ya saurin tsayawa in ka yanke, ko wani magani ya taɓa yi maka borin jini. Mace ta faɗa in tana da ciki. Wannan ba wurin kunya ba ne.

Mai cire haƙori a kasuwa ko a tasha fa, ka dubi ƙarfensa. Daga bakin wani ya fito, ba a dafa shi ba, zai shiga naka. Ta haka a ke ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. In saiwa ta karye a ciki kuma ba shi da abin fitar da ita. Araha ba ta ado.

BAYAN AN CIRE FA?

Za a sa maka auduga a gurbin, ka cije ta rabin awa. Jini zai daskare a ramin, wannan gudan jinin shi ne murfin ciwon, a ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Saboda haka a ranar kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofar da miyau, kada ka sa harshe ko yatsa ko tsinke a wurin. Ban da taba, ban da abu mai zafi ƙwarai, ban da aikin ƙarfi. Ka sha kunu mai ɗumi, ka tauna ta ɗaya gefen. Daga washegari ka riƙa kurkurewa a hankali da ruwan gishiri bayan kowane abinci, har mako guda. In jini ya dawo ka naɗe tsumma mai tsabta ka cije shi rabin awa kana zaune. In bai tsaya ba, ko kuwa bayan kwana 3 zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, da wari, ka koma.

YARONA YANA ZAWO DA ZAZZAƁI, AN CE HAƘORI NE

Uwar gida, wannan taki ce, ki saurara da kyau. Jariri ya kan fara haƙori wajen wata 6, wani ya riga, wani ya makara har shekara, duk lafiya ne. Fitowar haƙori ta kan kawo dalalar miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da ɗan rigima. Ba ta kawo zawo, ba ta kawo amai, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko suma. Dalilin da ya sa a ke haɗa su shi ne a watannin nan ne yaro ke fara rarrafe, yana kai kome baki, ana fara ba shi kunu da ruwa, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Sai cutar zawo ko zazzaɓin cizon sauro ta kama shi daidai lokacin da haƙori ke fitowa, a ɗora wa haƙori laifi. Yara da yawa sun rasu ana cewa haƙori ne, ana jira ya fito. In yaro yana zawo ki ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, ki ci gaba da ba shi nono, ki kai shi a duba. In jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa.

Kada a kai shi wurin wanzami a tsaga dasashi. Kada a saya masa maganin haƙori na kwalba ko na gari. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 su ka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda wata guba mai kashe ƙoda ta shiga cikinsa, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi. Yatsanki mai tsabta ya isa, ki riƙa murza masa dasashin. Jaririn da a ka haifa da haƙori kuwa ba abin tsoro ba ne, ba alamar kome ba ce, a nuna wa likita kawai.

AI HAƘORAN YARO ZUBEWA ZA SU YI, DON ME ZA A WAHALA?

Haƙoran farko guda 20 ne, su kan cika kafin shekara 3. Famfara ta kan fara wajen shekara 6, amma turamen yaro ba su faɗuwa sai ya kai 10 zuwa 12. Shekarun nan duka da su zai ci abinci, su ne kuma ke tsare wa na manya wuri. In an cire su da wuri na manya su kan fito a cunkushe.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 wani babban turmi ya kan fito can baya, sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na manya ne, ba shi da magaji. Shi a ka fi bari ya ruɓe ana zaton zai sake. Na manya in sun cika 32 ne, huɗun ƙarshe su kan fito tsakanin shekara 17 da 25.

Ki fara goge wa yaro tun haƙorin farko. Kafin shekara 3 man ya zama kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Ke za ki goge masa, ko ki tsaya a kansa, har ya kai shekara 7. Kada ya kwana da bulumboti mai zaƙi a baki.

CUTAR DA KE CIN FUSKAR YARA

Ba kowa ya kan yi tambaya a kanta ba, amma tilas a faɗe ta. Likitoci suna kiranta noma, ba noman gona ba, a wasu wurare kuma a kan ce mata ciwon daji ko a danganta ta da iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman waɗanda su ka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Ta kan fara da gyambo a dasashi, da jini, da wari mai ƙarfi, da dalalar miyau. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, wani wuri ya yi baƙi, nama ya ruɓe ya huje. In ba magani, a cikin yara 10 wajen 9 su kan mutu. In kuwa an kai yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki su kan tsayar da ita. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuwa aikin maita ba ce.

Saboda haka duk yaron da ke kwance ba lafiya, a buɗe bakinsa a duba kullum, a goge masa da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri. A kai yara rigakafin ƙyanda. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin wannan cuta, an kafa shi a 1999, ana yi wa waɗanda su ka rayu da tabonta aikin gyaran fuska. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da a ka yi sakaci da su.

INA DA CIKI, ZA A IYA TAƁA MINI HAƘORI?

Za a iya. Ciko da cirewa da allurar kashe zafi ba su cutar da ɗan ciki, watannin tsakiya kuma sun fi sauƙin zama a kujera. Mugunyar da a ka bari ita ce abin tsoro. Dasashin mai ciki ya kan yi saurin jini, sai ta ƙara kula da gogewa. Jariri ba ya zuƙe haƙorin uwarsa. In kin yi amai ki kurkure da ruwa, ki dakata kamar awa guda kafin ki goge. Kada ki sha magani sai wanda a ka rubuta miki. Kafson nan tetarasaikilin, mai ja da rawaya, yana ɓata launin haƙoran yaro har abada in mai ciki ta sha, ko in an ba yaron da bai kai shekara 8 ba.

YARO YA FAƊI, HAƘORI YA FITA ƊUNGUM

In na manya ne ana iya mayar da shi, amma da hanzari. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, a mayar da shi raminsa, yaro ya cije tsumma, a tafi asibiti. In an kasa mayarwa a sa shi cikin madara, wadda ba ta yi tsami ba, ko cikin miyan yaron a ɗan kofi. Kada a naɗe shi a takarda ya bushe. Wanda ya isa cikin awa guda ya fi samun sa'a. Haƙorin famfara ba a mayar da shi, domin kada a raunata na ƙarƙashinsa.

HAƘORIN MAKKA, DA NA ROBA, DA JAN HAƘORI

Haƙorin Makka ado ne, ba wanda ya hana alhaji ko hajiya adonsu. Sai dai in an kafa shi bai zauna daidai ba, abinci ya kan shige ƙarƙashinsa, haƙorin gaske ya ruɓe a ɓoye. In ya fara wari ko dasashin wurin ya yi ja, a nuna wa likita. Mai haƙoran roba ya cire su da dare, ya wanke, ya ajiye cikin ruwa.

Goro da fure suna rina haƙori, wankin asibiti ya kan fitar da yawancinsa. Taba kuwa, ta sha ko ta leɓe, ta wuce rini, tana kawo sankarar baki. Duk gyambon baki, ko farin tabo ko ja, wanda ya yi mako 3 bai warke ba, a kai shi asibiti ko da ba ya zafi.

Akwai garuruwan da za ka ga yara da yawa haƙoransu da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa tun fitowarsu, gogewa kuma ba ta fitarwa. Wannan daga ruwan sha ne, in fuloraid ɗin da ke cikinsa ya yi yawa, gama abin da kaɗan ɗinsa magani ne, yawansa cuta ne. An san haka a wajen Langtang ta Jihar Filato. A Tibiri kusa da Maraɗi ma ruwan wata rijiyar burtsatse ya taɓa lalata haƙoran yara har da ƙasusuwansu. In kun ga haka a ƙauyenku, mai unguwa ya kai magana ga hukumar lafiya a auna ruwan. Tafasawa ba ta fitar da shi.

INA ZA MU TAFI?

Ku fara da asibitin da ya fi kusa. Malamin asibiti zai duba, ya ba da maganin zafi, ya rubuta muku takarda zuwa babban asibitin da ke da sashen haƙori. Ayyuka masu wuya, irin su karayar muƙamuƙi da ƙari a baki, a kan tura su asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. Ko ba ciwo, ya kamata a duba bakin kowa sau ɗaya a shekara. Bayan kaka ya fi dacewa, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, hanya ta bushe, kuɗi kuma na hannu. Ku tafi da sassafe, ku riƙe katinku da kwalayen duk maganin da ku ke sha, ku kuma tambayi kuɗin aikin tun kafin a fara.